Dogon Gilashin Malam Armiya'u

Direban motar Shinkafi ya gaji da danna ham a ƙofar gida, ya aiko a ce in ba a ba shi saƙo ba zai kama gabansa. Shi kuwa Armiya'u yana kwance, ƙafafu sun kumbura suntum, yana jujjuya gilasan kyamara biyu a kan ƙirjinsa kamar mai zaɓen ragon layya. Ni ina tsaye bakin ƙofa, raina ya soma ɓaci, don na bar awon gero a rumfa na taho.

"Hayatu, kai wanne za ka ɗauka?" ya tambaye ni.

Na ce masa ni da ko hoton waya sai na yanke wa mutum kai, ina ni ina zaɓen gilashi.

Armiya'u maƙwabcina ne a Ƙaura Namoda, katanga ɗaya ta raba mu. Aikin gyaran kayan lantarki yake yi a kwalejin kimiyya, amma ciwonsa hoto. Ba sana'arsa ba ce, son abin ne kawai ya shiga jininsa. Ranar da ya sayo kyamarar nan ya hana ni sakat, wai irin ta zamani ce marar madubi a ciki, ba nauyi, ba ƙara, sai ka ɗauki tsuntsu bai sani ba. Na ce to madalla, ranar da zan yi aski sai in nemi mai madubin. Gilashi ɗaya gare shi, gajere, wanda ke kwashe ɗaki duka da mutanen cikinsa. Da shi ya ɗauki sunan 'ya'yanmu da saukar karatunsu. Dogon na abokinsa ne Sirajo na Shinkafi, yana zuƙo abin da ke nesa har ka rantse za ka taɓa shi. Sirajo ya aiko da shi a hannun direban, ya yarda su yi musanya, amma ba aro ba, don yana da bikin ƙanwa a gaba kuma dogon ba ya aiki cikin ɗaki.

Matarsa Ummusalma ta yi magana daga bayan labule. Ta ce gajeren shi ne na gida, shi ne ke ɗaukar yara, kuma mutumin da ba ya iya kai kansa bayi me zai yi da abin hangen nesa. Gaskiya ta faɗa, kuma kowa a ɗakin ya san amsar, ita ma ta sani.

Mahaifiyarsa, Inna Tasalla, tana Tungar Bawa, wani ƙauye a ƙetaren gulbi can bayan Zurmi. Tun farkon damina 'yan bindiga suka mamaye wancan gefen, suka ƙone kwalekwalen fito, suka ce wanda ya fita ya kai rahotonsu ne, danginsa za su biya. Da ana ɗan jin muryarta ta wayar wani mai shago. Sai kuma aka datse layin waya a jihar gaba ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, shiru ya sauka. Tun daga nan babu wanda ya iya ce masa tana raye ko ta mutu. Ga ciwon suga ya taɓa masa ƙoda, likita ya sallamo shi gida da irin sallamar da kowa ya gane.

Ya miƙa wa Ummusalma gajeren, ya ce a kai wa direba. Ta karɓa ta fita, na ji yadda ta ja ƙofar zaure da ƙarfi.

Sai da motar ta tashi sannan na gane inda aka dosa da ni. Ya ce akwai wani dutse a wannan gefen gulbin, tun suna yara suke hawa, daga kansa ana hangen gidajen bakin ƙauyen, kuma nasu ne na farko, mai durumi a ƙofa. Da dogon gilashi za a iya gane mutum. Ba ya neman a kai saƙo, ba ya neman a fito da ita. Ya san ba zai yiwu ba.

"In gane ta kawai, Hayatu. In san ko ni ka riga ta, ko ita ta riga ni."

Wallahi tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. A wannan lokacin in aka gan ka da abu mai tsawo kana leƙen daji, na can su ce ɗan leƙen asirin soja ne, na nan su ce mai kai wa ɓarayi labari ne, kuma duk biyun ba sa tsayawa tambaya. Na ce masa kai dai Armiya'u ba ka tashi neman alfarma sai wadda za ta sa a yi wa mutum sallar gawa babu gawar. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ban ce na yarda ba, sai kawai na ga ina zaune gefen katifarsa yana koya mini.

Malami ne mai faɗa. Ya sa na yi ta ɗaukar hasumiyar masallaci ta taga, yana duba bayan kyamarar yana tsaki. A lokacin ma sai ya kawo ta dab da hancinsa yake gani, don ciwon ya soma cin idanunsa. Ya ce in na murɗa gilashin har ƙarshe, ko numfashina zai girgiza hoton, don haka in kwanta rub da ciki, in ɗora shi a kan dutse, in riƙe numfashi. Ya ce in je da sassafe kafin rana ta yi zafi, in ba haka ba iska za ta riƙa rawa, mutum ya koma kamar inuwa cikin ruwa. Ya kashe wa kyamarar duk wani ɗan sauti gaba ɗaya. Ummusalma ta naɗe gilashin cikin tsohon zane, ta cusa shi a kwandon abinci kusa da gorar kunu, kyamarar kuma na jefa a aljihun 'yar shara.

Na bi ayarin motocin da jami'an tsaro ke rakawa zuwa Zurmi. Na sauka wurin surukina Faruku, wanda gonarsa ke kusa da gulbin. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya dube ni ya ce ashe haukan Ƙaura ya fi na Zurmi. Amma washegari tun hantsi bai yi ba ya ɗauki lauje, ya ba ni buhu, muka bi cikin gero kamar masu yankan ciyawa.

Dutsen yana nan yadda ya faɗa. Na kwanta, na ɗora gilashin, na murɗa. Da fari ban ga komai ba sai ganye yana tsalle. Na zagi Armiya'u, na zagi Sirajo da ban taɓa gani ba. Sannan na yi bisimilla na riƙe numfashi, sai ga durumi, sai ga katangar ƙasa da ruwa ya zubar da gefenta. Babu kowa. Muka yi ta jira, Faruku yana ja mini ƙafa yana cewa mu tafi. Can sai wata tsohuwa ta fito daga zaure da ƙwarya a hannu, ta watsa wa kaji wani abu, ta jawo turmi ta kifa, ta zauna a kai. Na san ta, ta sha zuwa Ƙaura da daddawa da kuka. Ta rame, amma ita ce. Na yi ta dannawa har na daina ganin komai saboda hawaye.

Da muka dawo gari na nufi tasha da murnata, sai aka ce an tare hanya da safen nan, ba mota mai fita sai an sake shirya rakiya. Yaushe? Allah masani. Haka na zauna a Zurmi, amsar da mutum ke jira tana cikin aljihuna, ba waya, ba hanya. Kullum in je tasha in dawo. Na nemi mai babur, aka ce an hana, kuma ko ba a hana ba babu mai kasada da ransa. Ban taɓa jin gari ya yi mini ƙunci irin na waɗannan kwanaki ba. Abinci ma daina shiga ya yi, ina ta yi wa matar Faruku faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar da aka buɗe hanya ko gidana ban shiga ba. Na tarar an mayar da shi kan tabarma, 'yan uwa sun zagaye shi. Ummusalma ta ce mini a hankali tun shekaranjiya idon ya rufe gaba ɗaya, ko fitila ba ya gani. Na tsaya da kyamara a hannu kamar wawa.

Ya ji muryata. "Hayatu, kai na?"

"Ni na. Na gane ta, Armiya'u. Tana nan da ranta."

Ya miƙo hannu, na ɗora masa kyamarar. Ya shafa bayanta da yatsa, inda hoton yake.

"Mi takai?"

Na ce tana ba kaji tsaba, sannan ta zauna bisa turmi ƙarƙashin durumi. Ya tambayi zanen da ta ɗaura, na ce shuɗi ne mai ɗigon fari. Ummusalma ta leƙo ta duba, ta ce wanda ya aika mata ne da ƙaramar salla. Sai kuma ya ce, "Hoton ya hita dai? Ba ka girgiza ba?"

Na ce ya fita tas, har tsagen fuskarta ana gani.

"Ina ta duba?"

Ban lura ba sai da ya tambaya. Na sake kallo. Ba kajin take kallo ba, ba cikin gida ba. Ta juyo ne wajen gulbi, daidai mashigin da kwalekwale ke sauke mutanen da suka taho daga Ƙaura. Na faɗa masa.

Washegari bayan azahar ya cika, muka kai shi kafin la'asar. Mutane sun taru, don ba gidan da babu hoton da ya ɗauka a unguwar nan. Da muka dawo aka zauna zaman makoki, wani dattijo ya tambaya ko an sanar da mahaifiyarsa. Wa zai je, ta ina?

Bayan addu'ar bakwai na shiga yi wa Ummusalma sallama zan koma rumfa. Na same ta a tsakar gida cikin kayan takaba, kyamarar a cinyarta, ta kare hasken rana da gefen hijabinta. Ta matso da hoton tsohuwar har ya cika bayan kyamarar. Inna Tasalla na zaune bisa turminta da ƙwarya a hannu, tana duban mashigi.