Hannun Barau na Dama

Mas'udu ya kafa ƙafar wayarsa a tsakar gidan aron da ke bayan kasuwar Sheme, yana juya ta don ta ɗauki tabarma daidai inda rana ta faɗo. Daga Ƙanƙara ya taso da safe a bayan babur, gwiwarsa mai ciwo sai zugi take.

Wanda bai ga damben Mas'udu ba bai ga dambe ba. Mu da muka ci ƙasar fage tun kafin a haife shi, muka kuma tashi da haƙoranmu, mu ne za mu faɗa. Ya yi kisa, wato kai abokin karawa ƙasa, a Funtuwa, ya yi a Gusau, har kudu an kai shi a mota. Da gwiwa ta ƙi, sai ya koma ɗaukar bidiyo yana sawa a waya, yana zaga tsofaffin 'yan dambe suna ba da labari. Da farko duniya ta taru a shafinsa, daga baya aka soma watsewa. Shi ya sa ya yi wa masu kallonsa alkawarin da ya tayar da su: zai nuna musu yadda ɓarayin daji suka mayar da Barau na Sabuwa, mutum ɗaya tak da ya taɓa kai shi ƙasa.

Mero, matar Barau, ta ɗaga labule. Tsohon ya fito a hankali, hannunsa na dama na reto cikin hannun riga kamar ba nasa ba.

"Kai ne yaron da na kwantar a Faskari?"

"Ni ne, Baba Barau. Santsi ne ya ja ni."

"Santsi da rani? To, zauna."

Suka yi dariya. Barau ya naɗe hannun rigar da hagu. Mas'udu ya duba, ya kau da kai. Hannun da ake yi wa kiɗa ya tsotse, ya zama kamar karan dawa, ga zanen igiya ya zagaye damtsen. A gona ɓarayin suka ɗauke shi, in ji Mero, suka ɗaure shi jikin itace a daji har jijiyar ta mutu. Da aka sako shi, shi da ita suka bar ƙauyen da abin da ke jikinsu.

Abin da aka zo nema ke nan. Mas'udu ya san in ya matso da wayar kan wannan damtse, kafin la'asar shafinsa ya cika. Ya miƙa yatsa zai danna.

"Dakata," in ji Barau. "Wanga abu naka, har Legas ana gani?"

"Har Makka, Baba."

"Yaran gidana duk sun watse. Wasu na Zariya suna dako, wasu ban san inda suke ba. An ce musu Barau ya ƙare." Ya dubi jakar Mas'udu. "Ka zo da zare?"

Ya zo da shi, don da shi yake nuna wa masu kallo yadda ake ɗaurin hannu. Amma a dambe abokin karawa ba ya ɗaure maka hannu. Naka ne ke yi, wanda ka yarda da shi, don a nan ake cutar mutum. Mas'udu ya faɗi haka.

"Nawa suna ina?" in ji Barau. "Ɗaura."

Mas'udu ya durƙusa. Ya naɗa tsumma, ya soma zagaya zaren. Da igiyar ta taɓa wuyan hannun, jikin tsohon ya ɗauki rawa, gumi ya keto masa. Mero ta juya ta shige ɗaki.

"In bari?"

"Wa ya ce ka bari? Ja da kyau, ba kunun yara kake damawa ba."

Ya ja, ya ɗaure, dunƙulen ya fito ƙato kamar na da. Mas'udu ya sauko da hannun rigar ya rufe damtsen, ya je ya gyara wayar yadda daga ƙirji zuwa sama kawai za ta ɗauka. Barau ya miƙe, ya ware ƙafa, ya miƙa hagu gaba. Ya yunƙura zai ɗaga dama. Hannun bai motsa ba. Ya sake yunƙurawa har jijiyar wuyansa ta fito. Nauyin zaren ma ya fi ƙarfinsa.

Can waje wata mota ta wuce da buhunan masara.

Mas'udu ya danna wayar. Kullum shi ke fara bayyana, ya gaida masu kallo, ya buga ƙirji ya faɗi sunansa. Yau sai ya zagaya ta baya, ya tsuguna a kan gwiwar nan mai ciwo inda wayar ba ta kaiwa, ya tallabi gwiwar hannun tsohon da tafukansa biyu, ya tura sama.

Dunƙulen ya tashi sama da kan Barau. Tsohon ya dubi wayar ido cikin ido, ya soma kirarinsa da muryar da ta dushe, yana kiran yaransa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ga shi nan tsaye.

Da ya tsaya shan numfashi, ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya sunkuyo ba.

"Kar ka saki, yaro."

"Ina riƙe, Baba. Ci gaba."