Layin da Na Gajarta

Aikina rubuta littafin saiti ne. Injiniyoyi su ƙera manhaja, ni kuma in rubuta yadda za a saita na'ura layi bayan layi, don masu girkawa su bi. Ba a tuna mai wannan aiki sai ranar da abu ya ɓaci.

Kawu, ƙanin Ummata, shi ya kawo ni kamfanin shekara huɗu da suka wuce. Shi ne babban injiniyan manhajar da ke kula da sanyin ɗakunan ajiye magani. Ranar Talata da rana manhajar ta faɗi a wani babban rumbu, firji goma sha biyu suka tsaya, kafin a ankara maganin ciki ya lalace. Kwana biyu kafin nan Kawu ya yi wa manhajar ɗan gyara, don haka kowa ya nuna shi da yatsa. Manaja ya ba shi zuwa Alhamis ya kawo hujjar cewa ba gyaransa ba ne, in babu ya ajiye makullin ofis.

Kawu ko a jikinsa. Ya ce a kawo masa gawa kawai. Duk lokacin da manhaja ta faɗi, kanel, wato zuciyar tsarin na'urar, yakan juye duk abin da ke ƙwaƙwalwarta a fayil guda. Wannan fayil muke ce wa gawa, don shi ake bincikawa a gano me ya yi kisan. Kawu ya haƙiƙance laifin na ma'aunin zafin da aka sayo daga wani kamfani ne, kuma gawar za ta nuna. Har zolayata ya yi, wai in shirya biro in rubuta takardar ban haƙurin da Manaja zai sa wa hannu.

Laraba da safe aka kawo faifan na'urar rumbun. Na ja kujera kusa da teburin Kawu, ya buɗe wurin ajiyar. Fayil ɗaya ne tak, sunansa core. Lokacin da ke jikinsa biyar saura minti goma na yamma, alhali manhajar ta fara faɗuwa tun ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci. Ashe duk faɗuwa sai na'urar ta sake tayar da ita, har sau goma sha tara. Tun da sunan ɗaya ne, kowace sabuwar gawa kan tsohuwar aka rubuta ta. Ta ƙarshen ba ta nuna komai ba, sai cewa manhajar ta tashi ta tarar da bayananta a hargitse.

Kawu ya cire tabarau ya ce ba haka ya ba da saitin ba. Shi core.%e.%p.%t ya rubuta, don kanel ya liƙa wa kowace gawa sunan manhajar da lambarta da lokaci, kada wata ta danne wata. Ya kira mai girkawa a waya, ransa a ɓace. Mutumin ya rantse bai ƙara ba bai rage ba, abin da ke shafi na arba'in da uku na littafin saiti ya kwafa.

Na san shafin nan. Bara da nake tsara littafin, layin ya yi wa gurbin jadawali tsawo, in an buga a takarda sai wutsiyarsa ta haye kan gurbin gaba. Yini guda na yi ina fama da shi. Da na gaji sai na datse shi na bar core, da niyyar in sa cikakken a ƙasa. Ban sa ba. Jadawalin ya fito tsaf, har na nuna wa na kusa da ni ina taƙama.

Na ce, "Kawu, ni ce. Ni na gajarta shi."

Ya buɗe shafin ya daɗe yana kallo. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Tambayata kawai ya yi rumbu nawa aka girka da wannan littafin. Na ce bakwai. Ya ce in gyara layin yanzu, in aika musu duka kafin in yi wani abu.

Na gyara, na aika, sannan na wuce ofishin Manaja ba tare da na gaya wa Kawu ba. Na zayyana masa komai, na ce in akwai wanda za a kora to ni ce. Ya saurare ni da kyau, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Ya ce kuskurena ya ɓatar da hujja, amma ba shi ya tsayar da firji ba. Masu rumbun suna jiran a faɗa musu wa ya jawo abin, kuma gyaran ƙarshe sunan Kawu ne a jikinsa. Ya gode mini da faɗin gaskiya, ya ce in koma bakin aikina.

Duk yammacin muka yi muna neman ragowar gawar farko a faifan. Mun gwada duk dabarar da Kawu ya sani, ya kuma san da yawa. Babu ko ɓurɓushi. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Alhamis da azahar ya kwashe kayansa a kwali. Na karɓa na raka shi bakin titi, muka tsaya jiran mota. Na ce zan gaya wa Umma da bakina yau ɗin nan.

Ya karɓi kwalin daga hannuna. "Ba za ki gaya mata ba. Ki ce mata na gaji ne, na ajiye aiki."

Na ce ai ƙarya ce, Kawu.

Ya ce, "Na sani. So nake in na zo gidanku ki fito ki gaishe ni kamar kullum, ba ki ɓuya a ɗaki ba."