Tukuicin Mai Tufkar Igiya

Daren jiya na yi wani mafarki, amma ba zai fahimtu ba sai na faɗi abin da na kwanta da shi a rai. Sunana Haladu, malamin dabbobi ne ni a Gumel, shekara uku ke nan da na ajiye aiki. 'Yata Sahura tana aure a Agadas, ta haifa mini takwara, muna kiransa Walidu. Yaro ya shekara har da wata guda, ban taɓa ɗaukarsa ba. Makon jiya ya fara tafiya, ta ɗauke shi a bidiyo. Da yake wayata 'yar ƙarama ce mai tocila, sai ta zuba a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, ta ba wani direba ya kawo mini.

Ina da kwamfuta, tsohuwa ce amma tana numfashi. Isiyaku mai gyara a bakin kasuwa shi ya sa mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, irin wadda masu yin ta suka bar cikinta a buɗe, kowa ya leƙa, kowa ya kwafa. Ranar ya ce mini iri biyu ce. Akwai ta kyauta, akwai wadda ake biyan ɗan abin da ba a rasa ba, ita wannan tana zuwa da kayan kallon bidiyo a haɗe, kuma in ta ba ka matsala akwai masu amsa maka. Na ce masa ban haukace ba da zan sayi abin da ake rabawa kyauta. Mutane suna cewa wai ina da maƙo. Ba maƙo ba ne, hannuna ne ba ya son gaggawa.

To, na sa filas. Murya ta fito tar, ina jin Sahura tana “tatata, tatata”, ina jin dariyar yaro. Hoto kuwa kore shar, ba yaro ba alamarsa. Can sai wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar allo yana juyawa, ya yi ta juyawa har aka kira la'asar. Da magariba Sahura ta bugo cike da ɗoki.

“Baba, ka ga abin da ya yi a ƙarshe?”

Na ce na gani, madalla, Allah ya raya. Ƙarya na yi wa 'yata da furfurata, kuma abin ya tsaya mini a rai. Da shi na kwanta.

Sai ga ni a wani gari da hantsi, kwamfutar a kaina bisa gammo. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya nufi sama. Hulata a bushe, ruwa yana shiga ta ƙafar wando yana fita ta wuyan riga. Ban ga abin mamaki ba, na dai sami tsumma na ɗaure ƙafar wandon na ci gaba da tafiya.

Gidajen garin ba ƙofa, kai, ko bangon gaba babu. Kowace mai girki ta rubuta yadda take haɗa miyarta a jikin katanga. Mai wucewa ya tsaya ya karanta, in ya ga gishiri ya yi yawa ya ɗauki gawayi ya gyara mata, ita kuma ta leƙo ta yi masa sannu da aiki. Ni ma na rage wa wata daddawa, don gaskiya ta cika. Na tambayi wata mai suyar ƙosai inda ake kai ƙarar bidiyo. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in bi warin bunsuru.

Ofishi ne babba, akuyoyi a jere bisa tebura suna buga hatimi da kofato. Shugabansu wani farin bunsuru ne mai gemu da tabarau. Ya dube ni ta saman tabarau ɗin ya daɗe.

“Malam Haladu. Kai ne mai allura.”

Na ce ranka ya daɗe, aikin gwamnati ne. Ya ce ba komai, ai ya warke, sai dai hannuna da nauyi. Ya ba ni takarda na rubuta kukana kaf, ya karɓa da ladabi, ya cinye. Na buɗe baki zan yi magana, wata akuya mai ɗankwali ta raɗa mini cewa haka ake karanta fayil a nan, sai ya yi tuƙa zai gane. Muka jira. Ya lumshe ido, muƙamuƙi yana kai da komo. Da ya haɗiye sai ya ce muryar jikana ta iso lafiya tun makon jiya, tana ɗakin baƙi tana shan fura. Hoton ne ya maƙale a rijiya.

Rijiyar a sama take, rataye bisa wata tsamiya, bakinta yana kallon ƙasa. Tunda ruwa sama yake zuwa, ai dole. Cilla guga ake yi sama, a jawo shi ƙasa. Layi ya miƙe har bayan gari, kowa da kwamfuta a ka, kuma kowa ciwon bidiyonsa ya kama shi. Na gabana nasa hoto ne ba murya, ya yi ta ba ni labari baki yana motsi ban ji ko harafi ba, na dai riƙa gyaɗa kai. Wata mata kuwa in ta yi taku uku sai ta daskare, ƙafa ɗaya a sama, mijinta ya tsaya yana mata fifita har ta saki. Duk wanda ya iso gaba sai a jawo masa abin da ya zo nema, ya ce an gode, ya wuce. Ba mai karɓar ko sisi.

A gindin tsamiyar wata tsohuwa ce zaune, Inna Kuluwa, ita kaɗai ke tufkar igiyar gugan bidiyo. Kusa da ita buhuna ne jibge sun fi rumbu tsawo. Na tambaye ta ko gero ne. Ta ce a'a, godiya ce, ta mutane, shekara da shekaru. Ta gwada dafawa, ta wuni a wuta ba ta nuna ba. Ta watsa wa kaji, suka shinshina suka wuce. Tana faɗa tana dariya, haƙoranta biyu rak suna rawa, har ni ma na kama dariya.

Na ɗaga kai. Can cikin rijiyar na hango wani abu mai kusurwa huɗu yana yawo a ruwa, gansakuka ta rufe shi ruf. Inna ta ce hoton jikana ke nan, daɗewa ya yi a ruwa shi ya sa ya yi kore. Na ce to a jawo mana. Aka cilla guga, ya tashi, ya tashi, saura kamu ɗaya ya kai sai igiya ta ƙare. Ya faɗo wayam a gabana.

Na yi tsaki na ce shi ke nan, rijiya ta bayar, guga ya hana. Inna ta ce in bar ɗora wa guga laifi, ta miƙo mini igiyar. Duk ƙulle-ƙulle ce, an ƙara da igiyar takalmi, an ƙara da zariyar wando, har da gefen zaninta. Ta ce rama ta ƙare mata, ga shi hotunan yanzu kullum zurfi suke ƙarawa, kowace sabuwar waya da irin nata.

Raina ya ɓaci. Na ce a faɗi kuɗin ruwan in biya, ni jikana nake son gani. Layin duk ya yi tsit, har ruwan saman ya tsaya cak a tsakiyar hanya yana saurare. Inna ta ce tun da aka haƙa rijiyar nan ba a taɓa sayar da ruwanta ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Ta ajiye igiyar ta dube ni.

“Direban da ya kawo maka filas, me ka ba shi?”

“Tukuici mana, Inna. Ai ba a sallamar ɗan aike hannu rabbana.”

“Sayen filas ɗin ka yi ke nan?”

“A'a, kyautar 'yata ce.”

“To mu da muka ɗauko maka cikin kwamfuta guda a ka fa?”

Wallahi kunya ta kama ni, kamar in nutse, sai dai a garin nan sama ake nutsewa. Ni da ko ɗanwake maƙwabta suka aiko, ba na yarda kwano ya koma ba komai a ciki. Shekara uku ina rubuta wasiƙu da manhajar mutanen nan, ina sauraron karatu, ko sau ɗaya ban taɓa tunanin wani ne ya ɗauko ta ba. Na ɗauka haka take tsirowa, kamar tafasa.

Na sa hannu a aljihu. Hannun ya ƙi fitowa, halinsa ne. Na lallashe shi, na yi masa faɗa, ya ƙara lafewa. Sai da bunsuru ya rufe ofis ya zo, ya saƙala ƙaho a gwiwar hannuna ya fizgo, kuma na lura bai yi a hankali ba. Kuɗin suna taɓa tafin Inna suka zama rama, fara sol. Ta tofa yawu, ta ɗora a cinya, ta hau tufka. Igiya tana tsawo tana naɗe kanta a gefe.

Ina cikin kallo na ga na bayana, wani mai jar dara, yana murna yana gyara gammo. Na sunkuya na tambayi Inna ko shi ma da igiyar nan za a jawo masa. Ta ce da ita. Na ce bai fa ba da komai ba, haka ma duk na bayansa.

“Har da su,” in ji ta. “Jiya ai kai ne su.”

Ta ƙara da cewa abin da na fi su shi ne guga zai fara ta kaina, kuma ko yaushe na kira za ta amsa mini da sunana. Na ce ya yi.

Sai ga wani zakara da gangar noma, aka zama gayya. Aka cilla guga, wannan karon ya kai har da saura. Muka kama igiya, ni a gaba, mai jar dara a bayana, akuyoyi da haƙora, matar nan mai daskarewa tana ja tana tsayawa. Hoto ya sauko cikin guga yana ɗiga sama. Inna ta sa toka da soso ta dirje gansakukar. Akuya mai ɗankwali ta ɗauko muryar daga ɗakin baƙi a cikin ƙwarya, an rufe da faifai don kada ta zube.

Da aka fara gwadawa muryar ta riga hoto. Dariya ta fito yaro bai buɗe baki ba, tafi ya tashi hannuwa ba su haɗu ba. Inna ta ce zumuɗi ne, ta daɗe ba ta ga ɗan'uwanta ba. Ta zaro basilla daga gashinta, ta ɗinke su gefe da gefe, ta cije zaren.

Aka jingina kwamfutar da tsamiya, ta yi ta girma har ta kai ƙofar zaure. Ga tsakar gidan Sahura, jar ƙasa, turmi a tsakiya. Ga Walidu riƙe da bakin turmin, riga ba wando, ciki tulu-tulu. Kunnuwana ne a kansa sak, manya, a baje. Allah sarki, yaro bai yi wa kowa laifi ba. Ya saki turmi. Ya ɗaga ƙafa, ya yi shawara da ita, ya ajiye. Akuyoyi suka rangaɗa guɗa. A taku na biyu sai ga zoben nan ya fito yana juyawa daidai fuskarsa. Kafin in yi salati bunsuru ya miƙa wuya ya cinye shi, ya ce ba gishiri.

Taku na uku, na huɗu. Daɗi ya kama ni har na manta da ciwon gwiwa, ina rawa da tsufana ina jan rigar mai jar dara, ina cewa duba, takwarana ne, kunnuwan ma nawa ne. Sai yaron ya juyo. Ni yake kallo, ba uwarsa ba. Ya taho yana tangaɗi, hannuwa a sama, ya iso bakin allon ya ɗaga ƙafa zai tsallako, bakinsa a buɗe zai faɗi wani abu. Na durƙusa na miƙa hannu biyu.

Injin markaɗen maƙwabta ya tashi.

Na buɗe ido ina durƙushe a kan katifa, hannuwana a miƙe, ba kowa a cikinsu. Gambo matata tana tsaye a bakin ƙofa da buta, tana tambayar Malam me kake tarewa. Ina dawowa daga masallaci na kira Agadas, na ce wa Sahura ƙarya na yi mata jiya, ban gani ba, kore kawai nake gani. Ta yi dariya har da tari.

“Ai na sani, Baba. Da ka gani, da ba madalla za ka ce ba. Kuka za ka yi.”

Ta ce to bari ta faɗa mini. Na ce a'a, ta riƙe bakinta zuwa la'asar, in dawo daga kasuwa, wajen Isiyaku zan je in biya ta kuɗin. Da idona zan gani.