Katakan Iliya

Idan ka taya mutum tanadin ranar da ka san ba za ta zo ba, taimakonsa ka yi ko yaudararsa? Na daɗe ina juya wannan tambaya, ban sami bakin zarenta ba.

A shekarar 1983 ina tuƙi a ofishin jakadancin Nijeriya a Alƙahira. Iliya akawu ne a wurin, kuma maƙwabcina a unguwar Ainu Shams. Kafin a kawo shi Masar ya yi aiki a Suwidin, inda ya koyi tafiya a kan dusar ƙanƙara da wasu dogayen katakai biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. Siki yake ce musu. Duk shekara idan zafi ya ƙarato sai ya kankare tsohon kakin da ke cikinsu, ya shafa musu kwaltar itace, ya gasa su a kan risho har kwaltar ta shiga jiki. Daga nan ya haɗa su ciki da ciki, ya ɗaure kai da gindi, ya cusa wani ɗan guntun itace a tsakiya, ya jingine su inda rana ba ta kai.

A waccan shekarar ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya gaya wa matarsa Marta cewa ko ya tashi, sai da sanda.

Da na je duba shi sai ya ce, "Ɗantsoho, lokacin katakan nan ya yi. Ka yi mini, ina gaya maka yadda ake yi."

Na ƙi. Na ce masa ni ba zan sa hannu a abin da zai ƙara masa burin banza ba. A ganina hakan shi ne gaskiya, kuma ina alfahari da faɗin gaskiya. Ya juya fuskarsa bango. Daga ranar, idan na yi sallama Marta ce kawai ke amsawa.

Wata Asabar na shiga na tarar suna cacar baki. Katakan na shimfiɗe a ƙasa, buhun shinkafa a kansu.

"Malam Ɗantsoho, zo ka raba mu," in ji Marta. "Na ga zafin Masar ya tanƙwara su, na ce bari in miƙar masa da su ya ji daɗi. Shi ne yake ta yi mini faɗa kamar na kashe rai."

"Maman Lauratu, haka aka yi su!" Bakin Iliya a karkace yake, amma maganar ta fita. "Wannan tanƙwarar ita ke ɗaga mutum. Idan ta tafi, sai dai ki yi shanyar kuɓewa a kansu. Ina guntun itacen?"

"Na tokare taga da shi. Ma'alish, yi haƙuri, ranka ya daɗe, sarkin ƙanƙara."

Na janye buhun don a zauna lafiya. Sai na ce, a hankali, "Iliya, ka san dai ba za ka sake hawansu ba."

Ya dube ni, karo na farko tun ranar da na ƙi.

"Kai da yawan karance-karancenka. Ranar da na sauke su a Alƙahira, ƙanƙara na gani a bakin Nilu? Tun ina da ƙafafuna biyu na san na gama hawa. Ba na son in ga sun lalace ina kallo, shi ke nan."

Ya miƙa hannun hagu ya jawo guda ɗaya kan cinyarsa. Ya nemi jawo ɗayan, katakon ya suɓuce masa ya faɗi. Ya sake gwadawa.

Har yau ban tabbata ya gaya mini duk abin da ke ransa ba. Mai yiwuwa a can ƙasan zuciyarsa akwai wani daji fari da yake jira. Ban tambaye shi ba.

Na je taga na zaro guntun itacen, na ce wa Marta ta kunna risho.

"Kwaltar ta ƙare," in ji Iliya, yana kallon gefe.

"Zan duba a kasuwar Ataba. Yanzu da me ake fara kankarewa?"

"Da bayan wuƙa. Kuma a hankali, Malam, ba tayar mota ba ce."

Na zauna a ƙasa, na ɗora katakon a gwiwata, na fara.