Ɗigo Biyu a Kan Ambulan

Darlene, akawun zaɓe ta garin, ta turo ambulan ɗin ƙuri'ar da aka cike a asibiti kan tebur da ɗan yatsa ɗaya kamar zai ƙone ta. Orville Lindgren ya gyara tabarau ya duba. A sama sa hannun matarsa Maxine ne, a karkace, amma dai nata ne. A ƙasa kuwa, inda aka ce mai shaida ya rubuta adireshinsa, ga ɗigo biyun da ya yi da hannunsa.

"To mene ne laifinsu? Ma'anarsu ai kamar na sama. Gida ɗaya muke kwana."

"Na sani, Mista Lindgren."

Ta sani mana! A falon gidansu ta koyi piyano wajen Maxine tun tana yarinya mai giɓi. Shi kuma shekara talatin ya yi a rumbun hatsi yana cike takardu da ɗigo biyun nan, babu wanda ya taɓa cewa uffan. Bara ma haka ya yi, Darlene ta ɗauki biro ta cike masa, suka yi dariya.

Bana kuwa an yi ta ja-in-ja, ta bayyana masa tana kallon tebur. Majalisar jiha ta ce ita kaɗai ke da ikon tsara yadda masu jefa ƙuri'a daga gida za su yi. Hukumar zaɓe ta ce akawu na iya gyara ƙaramin kuskure. Kotun farko ta goyi bayan hukuma, ta sama ta rushe hukuncin ranar Laraba. Yanzu in ta ɗora biro a kan ambulan ɗin, ta aikata laifi. Hanya ɗaya ta rage, mai ƙuri'ar ta sake sa hannu a sabon ambulan kafin a rufe rumfar zaɓe yau.

Orville ya sake duban sa hannun matarsa. Shekara hamsin da takwas Maxine ba ta taɓa tsallake zaɓe ba, ko na hukumar makaranta, ko ranar da ƙanƙara ta toshe hanya ta sa shi ya kai ta a tarakta. Wannan kuma da bakinta ta ce shi ne na ƙarshe. Rabin awa ta yi tana jan sunanta a kan gadon asibiti, shi ko nasa ɓangaren a cikin daƙiƙa ɗaya ya gama. Haushin kansa ya kama shi.

"Hannun nata ya mutu tun ranar Alhamis, Darlene. Ko cokali ba ya riƙewa."

Ta sunkuyar da kai. Ya ga biron a kusa da hannunta, ya ga kuma wakilan jam'iyyu biyu a zaune bayanta, kowa da kofin kofi, kowa ya zuba mata ido. Bai roƙe ta ba. Ya shiga layi ya jefa tasa ƙuri'ar, aka miƙo masa ɗan tambarin nan mai liƙewa da ake ba duk wanda ya yi zaɓe.

*

A asibiti ya tarar an ɗaga wa Maxine matashi tana kallon taga. Rabin fuskarta ne kawai ke motsi yanzu, maganar kuma sai ka kara kunne.

"Tsoho, an ƙirga?"

Tun a mota ya shirya yadda zai faɗa mata gaskiya, da majalisa da kotu da komai. Da ya ga idonta sai duk ya watse. Ya ɓare tambarin nasa ya liƙa mata a rigar asibiti, ya danna da babban yatsa don ya kama sosai.

"An ƙirga. Darlene na gaishe ki."

"Ba ka yi shirme ba dai?"

"Ni? Haba dai."

Ta yi murmushi da ɓangaren da ya rage mata, ta lumshe ido. Ma'aikaciyar jinya ta shigo da magani, ta ga tambarin, ta yi wa Maxine barka. Orville ya juya kujerarsa wajen taga don kada su ga fuskarsa.