Fuskar da Kowa Ya Sani

Sajan bai iya kallon wasan 'yan sanda bakinsa a rufe ba. Shi kansa ya yarda aibu ne, har ya taɓa yi wa matarsa alkawarin dainawa, amma alkawarin bai kai lokacin talla ba. Da zarar an nuna gawa, an fara jero waɗanda ake zargi, sai ya miƙa yatsa wajen talabijin.

"Wancan mai goge tagar ne ya kashe ta."

"Baban yara, don girman Allah ka bar ni in yi kallona."

"To ki dubi fuskarsa mana. Wa zai ɗauko babban ɗan wasa irin wannan ya miƙa masa tsumma kawai? In kin ga sananniyar fuska a ƙaramin matsayi, an gama bincike."

Abin da ya fi ƙona wa matar rai shi ne yawanci gaskiyarsa ce.

Shi dai ba ɗan sanda ba ne. Sunan ya bi shi ne daga wurin aiki, domin ya haura shekara ashirin yana fitowa a talabijin a matsayin sajan ɗin da ke tsayawa a bayan sufeto. An yi ta canza sufetoci, wasu suka yi suna, wasu suka yi tumbi, shi yana nan a baya yana cewa, "Yallaɓai, mun samu gawar." Ya iya faɗin wannan magana da firgici, ya iya faɗinta da gajiya. Da wuya a nemi wata daga bakinsa.

Sai bana wani darakta matashi ya ba shi matsayin mai kemis a sabon shiri, dattijo mai sanyin murya, mai tambayar lafiyar yaran unguwa, wanda sai a kashi na ƙarshe za a gane shi ne yake kashe mutane. Har da doguwar magana a gaban sufeto, kyamara a kan fuskarsa shi kaɗai. Tun da aka ba shi rubutun yake maimaita ta a banɗaki, har matarsa ta fara ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar ko da baƙo ya shiga.

An gama ɗaukar kashi na farko lafiya. Ranar ne, ana shan shayi a bayan kyamara, bakinsa ya ja masa. Ya gyara zama ya karanta wa darakta dokarsa ta sananniyar fuska, da misalai, yana dariya. Darakta bai yi dariya ba. Ya dubi Sajan, ya dubi kofinsa, ya tashi ya nufi ofishin mai kamfani.

Washegari mai kamfani ta kira shi.

"Sajan, an ce kai ka gano mana matsala."

"Ranki ya daɗe, hira ce kawai ta wurin shayi."

"Hirarka ta hana ni barci. Za mu tara 'yan kallo mu nuna masu kashi na farko. In suka nuna ka da yatsa, za mu sake ɗauka da sabuwar fuska. Kai kuma hularka tana nan a ajiye."

Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, "Mu ka ɓata mana fim ɗin wasu shekara da shekaru. Yau ka ɓata naka. Ai an yi adalci."

Ranar gwaji ya riga mai shara zuwa. An jera kujerun roba a ɗakin taro, na'urar sanyi tana ɗiga cikin bokiti. Ya ɗaga kai. A bango, dab da allon da za a haska shirin, ga babban hoton tallar tsohon shirinsu: sufeto a gaba, shi a bayansa da hula. Ya kama gefen hoton ya ja, ashe da ƙusa aka kafe shi. Ya je neman guduma bai samu ba, ga muryoyin mutane a kan bene. Dole ya faɗa ɗakin edita, mai haɗa hotunan shirin, ya bar ƙofa a ɗan buɗe.

"Baba Sajan, numfashinka yana shiga mini kunne," in ji edita.

"Yi haƙuri, ɗana. Zan rage."

Ta tsagar ƙofa yake ganinsu: wata tela da ta zo da zare maƙale a hannun riga, wani direban bas, wata nas, wani tsohon malamin makaranta da ya zauna a gaba ya harɗe hannu kamar zai ba da maki. Aka kashe fitila. Da aka zo wurin da mai kemis yake naɗe magani a takarda yana murmushi, Sajan ya rufe ido. Bai taɓa sanin hancinsa ya kai haka girma ba. Hanci ne da ko a duhu za a shaida shi.

Aka kunna fitila, darakta ya tsaya a gaba ya ce, "To jama'a, wa kuke zargi?"

"Gwaggon yarinyar da aka kashe," in ji direba, ko tunani bai yi ba. "Matar nan ta kashe miji a wata tasha, ta sa wa kishiyar ƙawarta guba a wata. Yanzu ku ce mana ta tuba tana yanka albasa?"

"Kai direba, ka bar baiwar Allah ta huta," in ji nas. "Ni sufeton ne ya ishe ni. Jiya na gan shi ɗan fashi, yau shi ne hukuma. Ƙasar nan mutum biyar ne kawai suka iya wasa?"

Malamin makaranta ya yi gyaran murya. "Ni kuwa in ban ga fuskar da na sani ba, sai in ji kamar na shiga gidan da ba a gayyace ni ba. Sanannen mutum yana kwantar da hankali."

"Shi ya sa ake yanka ku cikin kwanciyar hankali, Malam," in ji direba. Aka kwashe da dariya.

Sajan ya fara jin iska na shiga ƙirjinsa. Sai tela ta ɗaga hannu.

"Ni fa mai kemis ɗin nan nake ta kallo."

Ya damƙe hannun kujerar edita har ta juya da mai ita.

"Me ya yi?" in ji darakta, murya a sanyaye.

"Na san fuskar nan. Wallahi na san ta." Ta dafe goshi. Sajan ya ji nauyin tsohuwar hular ya sauko masa a ka. Leɓunansa har sun fara motsi da kansu: Yallaɓai, mun samu gawar.

"Yauwa!" in ji tela. "Mijin ƙanwata. Sak shi, har yadda yake lanƙwasa wuya. Shi ma haka yake, ko kaza ba ya iya yankawa."

Darakta ya juyo gaba ɗaya. "Tsaya, Anti. A talabijin fa? Akwai wanda ya taɓa ganin mai kemis a wani shiri?"

Suka dubi juna. Nas ta girgiza kai. Direba ya ce, "Sabo ne ai. Irinsu muke cewa ku riƙa kawowa." Malamin makaranta ya ƙara da cewa, ga wanda ya fara wasa da girma, dattijon ya yi ƙoƙari, in ya dage zai yi nisa.

Da aka watse, mai kamfani ta leƙo ɗakin edita tana murmushi. "Sajan, ka tsira. Matsayi naka ne. Ko mutum ɗaya bai gane ka ba!"

"Na gode, ranki ya daɗe," in ji shi. Ya jira farin ciki ya zo, ya zo kuwa, amma da ɗan ɗingishi.

Ya fito ta ɗakin taron, fuska a buɗe, ya rage sauri da gangan. Tela tana tattara jakarta. Ta ɗago ta dube shi, ta miƙa masa robar ruwan da ta shanye.

"Baba, ina kuke zuba waɗannan?"

Ya karɓa, ya nuna mata hanyar fita. A bayanta hoton yana nan a kafe inda yake, kuma tun safe shi 'yan kallon suke fuskanta.