Yatsa Biyu a Kan Kebul

An kawo wuta ƙarfe goma da kwata na safe, motar da za ta kai ƙanena Reinier filin jirgin Habana kuma ƙarfe sha ɗaya za ta zo. Rogo nake ferewa a kicin. Ko hannu ban tsaya wankewa ba, na ruga na kunna kwamfutar tebur.

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran waya a barandar gidanmu a Santa Clara. Na yi wa wayoyin mutane filashin ba adadi, ina yi ina cin gyaɗa ina gulma. Amma wanzami ba ya son jarfa. Ranar, na'urar Baba ce a gabana.

'Yar kwamfutar hannu ce, ba ta fi tafin hannu da rabi ba. Wata 'yar ƙanwarsa ta aiko masa da ita daga waje, bayan shanyewar ɓarin jiki ta tafi da bakinsa da hannunsa na dama. Haruffa ma sun gudu masa, shi da ya shekara talatin a kan dandamali yana karanta wa masu naɗa sigari jarida da littattafai a masana'anta suna aiki. Hotuna kaɗai yake ganewa. Ya danna hoton kofi, na'ura ta ce "kofi". Ya danna hotona, ta ce "Odalys". In Reinier ya ɓata masa rai, akwai hoton jaki.

Mako uku kafin wannan rana ta sabunta kanta, sai ta gane a wace ƙasa take. Kamfanin da ya ƙera ta ba ya hulɗa da ƙasarmu, don haka ta kulle gam. Na zana wa Baba hotunan a kwali, ya yi wurgi da shi tsakar gida. Ban ga laifinsa ba, kwali ba ya kiran mutum daga kicin.

Magani ɗaya ne: a share tsarin kamfanin gaba ɗaya a ɗora Linux, wanda wasu bayin Allah da ban san su ba suka gyara wa irin wannan na'ura. Na samo shi a wurin mai yawo da fina-finai a faifai. Kwana takwas yana hannuna. Duk wanda ya tambaya sai in ce rashin wuta ne, amma ƙarya nake. Sau biyu an bar mana wuta awa huɗu cur, na ƙirƙiro wa kaina wanki. Tsoro nake ji, domin in aikin ya katse a tsakiya na'urar ta zama bulo, kuma babu wata a garin nan. Sai ana gobe tafiyar Baba ya damƙe hannuna, ya nuna aljihun tebur inda take, ya nuna jakar Reinier. Yana da abin da zai faɗa wa ɗansa kafin ya tafi, kuma da murya yake so ya faɗa.

Na jona kebul, kwamfuta ba ta ga komai ba. Bakin cajin ya sassauta. Na ɗaure da roba, ta gani ta saki. Na manna da salatif, haka. Sai da na tallabe kan kebul ɗin da yatsa biyu na ɗaga shi sama kaɗan sannan ta kama. Na danna da ɗayan hannun, tsohon tsari ya goge, sabo ya fara shiga. Daga nan babu komawa, kuma babu motsi.

Reinier ya fito daga wanka yana ƙamshin turaren da ba nasa ba.

"Yaya, minti nawa?"

"Ta ce hamsin."

Ya dubi agogon bango. "Hamsin? Ke fa kin iya haɗa wa mutum zafi. Kwana takwas kina ina?"

"Ina inda kake lokacin da nake wanke wa Baba jiki. Matsa, kana girgiza tebur."

"Ni numfashi kawai nake yi."

"To je ka yi a waje."

Baba yana zaune a kujerarsa mai lilo, daidai inda zai hangi allon. Da sassafe ya sa na aske shi, na sa masa farar rigarsa mai aljihu huɗu, wadda yake hawa dandamali da ita. Ko lilon bai yi ba, don kada ƙasa ta motsa.

Kashi ashirin cikin ɗari. Zufa ta gangaro mini ta shiga ido. Ƙuda ya zo ya sauka a gwiwar hannuna, ya zauna kamar gidan ubansa. Ɗayan hannun yana danne da na'urar a kan tebur, ba halin in kore shi. Na ji kofi yana tafasa yana zuba a kan murhu, na ƙwala wa Reinier kira, ya sauke ya ƙone yatsa ya zagi tukunyar.

"Kawo in riƙe miki, ki ɗan miƙe," in ji shi.

"Da wannan hannun naka da ko ƙwai ba ya kaiwa gida? Rufa mini asiri."

Ya yi dariya, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ciro wayarsa ya ajiye a gefen kwamfuta.

"Taki ce. Layin ba ya aiki inda za ni. Sai na sauka na ga hanya zan nemo ku."

"Yaushe ke nan?"

"Wasu mako biyu, wasu wata biyu. Ya danganta da iyakokin da za mu tsallaka bayan jirgi."

Haushinsa nake ji, haushi na gaske. Ba mu taɓa zama mun yanke cewa shi zai tafi ni zan zauna ba. Haka kawai abin ya faɗo, domin ni ce na iya juya Baba a gado ba tare da ya ji ciwo ba.

Kashi hamsin da biyar. Fankar sama ta rage gudu, ƙwan fitila ya yi ja. Mu ukun muka ɗaga kai muka zuba masa ido. Na kira sunan duk wani waliyyin da mahaifiyarmu take kunna wa kyandir lokacin tana raye. Fitilar ta dawo. Yatsuna sun riga sun mutu, ban san ko ina riƙe da kebul ɗin ba sai in na duba.

Ƙarfe sha ɗaya daidai aka yi hon a ƙofar gida. Direban da bai taɓa cika alkawari ba a rayuwarsa, ranar ya cika. Kashi saba'in da ɗaya.

Reinier ya leƙa ta taga. "Maigida, minti goma don Allah!"

"Minti goman wa? Mutum huɗu ne a motar nan, jirginku ɗaya! In taya ta fashe a hanya kai za ka tsayar da jirgin?"

"Tsoho ne zai yi mini magana!"

"To ya yi mana, bakinsa na hannunka ne?"

Wata mata a cikin motar ta ce masa ya ji tsoron Allah, ya yi shiru. Ya ba mu minti bakwai, na ƙirga su. Sannan ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba.

Kashi tamanin da shida.

Reinier ya durƙusa gaban Baba ya kifa kai a cinyarsa. Baba ya buɗe baki, wuyansa ya kumbura, abin da ya fito shi ne wannan "aa, aa" da muka saba ji. Ya dubi allon, ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Na ji, Baba," in ji Reinier. "Wallahi na ji."

Bai ji komai ba, mu duka mun sani. Ya taso ya zo bayana ya tsaya, ya rasa inda zai taɓa.

"Kada ka rungume ni," na ce. "Za ka motsa ni."

Ya sumbaci tsakiyar kaina a hankali. "Ki rage masifa, Yaya, ko kya samu miji."

"Tafi can, jaki."

Ban iya juyawa na ga fitarsa ba. Na ji ƙarar ƙofar mota, na ji ta tashi da ƙyar ta sha kwana wajen gidan burodi. Ina kuka majina tana zuba a kan rigata, ba hannun sharewa.

Minti takwas bayan haka ta cika ɗari. Allon ya yi baƙi, fararen rubutu suka yi ta gudu, sannan ya buɗe tas. Sai da na sa ɗayan hannun na ɓamɓare yatsuna daga kebul. Na zuba hotunan da na riga na shirya, na gwada ɗaya, ta yi magana. Muryar wata yarinya ce, siririya, ba irin ta mutanenmu ba.

Na ɗora wa Baba a cinya. Ya gyara zama, ya gyara wuyan rigarsa, ya fuskanci ƙofa. Ya danna da gaɓar yatsarsa ta hagu.

"Reinier."

Ya ƙara sauti har ƙarshe, ya sake dannawa.

"Reinier. Sanyi. Riga."

Ya jira, kamar yadda yake jira a da in ya kira mu daga ɗaki. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Ya ɗauka, Baba," na ce. "Ni da kaina na sa masa a jaka."

Ban sa ba. Ko tunawa ban yi ba cewa inda za shi ana sanyi.